Ranar da 'yan tsana suka sauko daga sama a Belarus

Mai karatu, ka taɓa jin inda 'yar tsana ta ci kujerar janar ɗin soja? To, abin ya faru a Belarus, ƙasar da Alexander Lukashenko yake mulka tun 1994. A can, mutum yakan kwana a kurkuku saboda kalma ɗaya. Bayan zaɓen Disamba 2010, har 'yan takarar shugaban ƙasa sai da aka garƙame. Wa zai iya buɗe baki a wuri irin wannan?

Wasu 'yan ƙasar Suwidin, ma'aikatan wani kamfanin talla mai suna Studio Total, suka ce su za su yi magana. Suka sayi ɗan ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, suka tara 'yan tsana sama da 800 masu siffar dabbar beyar, irin masu laushin nan da yara ke rungumewa su yi barci. Kowace aka ɗaura mata 'yar laimar sauka, aka liƙa mata takarda mai kira da a bar mutane su faɗi albarkacin bakinsu. Da safiyar 4 ga Yuli 2012, Tomas Mazetti da Hannah Frey suka tashi daga Lituweniya, suka nufi iyakar Belarus ba tare da izinin kowa ba.

Kada ka ɗauka wasa ne. A 1995 sojojin Belarus sun harbo wani balan-balan na gasar wasanni da ya ratsa samaniyarsu, Amurkawa biyu da ke ciki suka mutu. Su Mazetti sun san da wannan. Kai da ka sani, za ka shiga jirgin? Ni dai ina jinjina wa wannan ƙarfin zuciya.

Suka yi ta tafiya ƙasa-ƙasa har garin Ivyanets da gefen Minsk, babban birni. Suka buɗe taga suka yi ta watso kayansu. Mutanen gari suka ga baƙaƙen laimomi suna lilo a iska, suna sauka kan rufi da gonaki. Jirgin ya juya ya koma lafiya, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Kuma kwana ɗaya kacal kafin nan, 3 ga Yuli, aka yi faretin ranar 'yanci ana nuna makamai!

Gwamnati ta ce ƙarya ce, babu jirgin da ya shigo, bidiyon ma haɗa shi aka yi. Sai dai in babu abin da ya faru, me ya sa hukumar leƙen asiri ta KGB ta kama wani ɗalibi ɗan shekara 20 da ya sa hotunan 'yan tsanar a intanet? Rana ba ta ɓoyuwa da tafin hannu. Bayan mako uku Lukashenko da bakinsa ya amsa cewa jirgin ya shigo. Ƙarshen watan ya sallami shugaban dakarun tsaron iyaka da shugaban sojojin sama. A watan Agusta aka kori jakadan Suwidin, Stefan Eriksson. Duniya ta yi ta dariya, kuma a cikin dariyar nan ne mutane da yawa suka fara jin halin da 'yan Belarus ke ciki.

Amma a nan ne raina ke sosuwa, mai karatu. Masu jirgin sun koma gida. Da KGB ta kira su su zo su amsa tambayoyi, suka ƙi zuwa. Waɗanda ba su da wurin gudu su suka sha wuya. Ɗalibin nan ya yi fiye da wata guda a tsare. An ci tarar wasu mata biyu 'yan jarida saboda sun ɗauki hoto riƙe da 'yan tsana don nuna masa goyon baya. A 2013 aka yanke wa wani jami'in tsaron iyaka ɗaurin shekara biyu, bisa zargin bai kai rahoton shigowar jirgin ba.

Da kai ne ɗalibin, hotunan suna hannunka, ka san abin da ke jiranka, za ka sa su ko za ka goge? Shi dai ya sa, kuma a wurina shi ne babban jarumin wannan labari.