Ƙurar Da Ake Haifa A Sararin Sama

Tun da shekarun 2023 da 2024 suka zo da zafin da ba a taɓa auna irinsa ba, wata magana ke yawo a kafafen labarai, wai tsabtace man jiragen ruwa ne ya jawo. Daga 1 ga Janairun 2020, dokar hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta rage iyakar farar wutar da aka yarda da ita a cikin man daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma masu cewa ashe hayaƙi alheri ne sun tsinci magana a tsakiya.

Ba kowace ƙwaya da ke yawo a sama ce iska ta kwaso daga ƙasa ba, kamar ƙurar Bodele ta Chadi da ke kawo mana hazo. Wasu a can ake haifar su. Hayaƙin farar wuta yakan rikiɗe cikin hasken rana ya zama tururin asid irin na batirin mota, ya haɗu da amoniyar da ke tashi daga taki da fitsarin dabbobi, su dunƙule su zama ƙwaya mai nanomita 1 zuwa 2. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Galibinsu ba sa kai labari. Wadda ta girma ta kai wajen nanomita 50 zuwa 100, a kanta raɓar gajimare ke taruwa, kuma kusan rabin irin waɗannan ƙwayoyin ta haka suke samuwa. Gajimare mai yawan ɗigo ya fi fari, ya fi mayar da hasken rana, shi ya sa rage hayaƙin jiragen ke iya ƙara zafi.

Abin da ke damuna shi ne an manta da waɗanda suka share hanya. Bafaranshe Coulier ya nuna a 1875 cewa tatacciyar iska ba ta saurin yin hazo. A 1880 John Aitken, mutumin Falkirk a Sikotlan, injiniyan da rashin lafiya ya zaunar a gida, ya tabbatar da hakan a ɗakin gwajin da ya haɗa wa kansa. Bai tsaya nan ba, ya ƙera na'urar ƙidayar ƙwayoyin, ya hau da ita dutsen Rigi na Suwizalan. Sama da shekara ɗari bayansa, Markku Kulmala da abokan aikinsa suka kafa na'urori a dajin Hyytiälä na Finlan, suna awo dare da rana tun 1996. Wannan nacin ne ya nuna haihuwar ƙwayoyi ruwan dare ce.

Sai gwajin CLOUD na cibiyar CERN kusa da Janiba, wanda Jasper Kirkby ya jagoranta daga 2009. A 2011 suka gano asid da amoniya kaɗai ba su isa su bayyana yawan abin da ake gani kusa da ƙasa ba. A 2016 kuma suka nuna tururin da itatuwa ke fitarwa na iya haifar da ƙwayoyi ko babu asid.

To, ƙwayar da ke farar da gajimare ita ce ke kutsawa cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe kimanin mutum miliyan 7 a shekara. Wa zai so a rage masa zafi da ran ɗansa? Hayaƙin ya ɓoye wani sashe na ɗumamar da ƙona mai da gawayi suka haifar ne kawai, bai magance ta ba.

Mu da muke kwana da ƙarar janareta, me muke shaƙa? Afirka ta Kudu na da tashar awon iska ta Welgegund tun 2010. ECOWAS ta amince a 2020 kada farar wuta a man da ake shigowa da shi ta wuce kashi 50 cikin miliyan, amma doka ba ta auna iska. Jami'o'in Kano, Zariya da Yamai, da hukumomin da ke ba su kuɗin bincike, su kafa tashar awo ta dindindin, su kuma riƙa bayyana wa jama'a sakamakon.