Karatu daga Gida a Yola da Jimeta: Yadda Lokaci Ke Suɓuce wa Ɗalibi

Karatu daga nesa, wato tsarin da ɗalibi ke ɗaukar darasi ba tare da ya zauna gaban malami kullum ba, ya samu gindin zama a Yola da Jimeta ta hanyar cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, da kuma cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei. An kafa NOUN a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo, kuma da yawa daga cikin ɗalibanta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure, waɗanda lokacinsu ba nasu ba ne su kaɗai. Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a watan Maris na 2020 ya ƙara sabar wa mutane da wannan hanya, domin a lokacin ne Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta mayar da darussanta kan intanet.

Babbar matsalar ɗalibin gida ita ce wayar da yake karatu da ita ita ce kuma dandalin hirarsa. Yana tsakiyar karanta babi sai saƙon WhatsApp ya faɗo daga zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai, ya ce bari ya leƙa, kafin ya ankara ya zarce TikTok, rabin awa ta wuce, datar da ya saya domin karatu ta ƙare. Wannan asara ta ƙara ciwo tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mafita mafi sauƙi ita ce raba saukarwa da karantawa: ɗalibi ya sauke littattafan darasi da bidiyon lacca a lokaci ɗaya, musamman da datar dare mai rahusa, sannan ya kashe data gaba ɗaya sa'ad da zai zauna karatu, da biro da littafin rubutu a gabansa, domin hannun da ke rubutu ba ya samun sararin shafa waya.

Jadawalin da ba a gina shi bisa yanayin gari ba kuwa ba ya kai labari. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kuma wanda ya ajiye karatu mai nauyi zuwa bayan Azahar, a ɗaki mai rufin kwano ba wuta ba fanka, barci zai yi. Lokacin da ya fi albarka shi ne daga sallar Asuba zuwa hantsi, kafin Keke Napep su cika titi, kafin kuma a buɗe Kasuwar Zamani ta Jimeta. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, cajin waya da na'urar ajiyar caji ya zama aikin farko duk sa'ad da aka kawo wuta.

Abin da aka fi raina shi ne mutanen gida, alhali a nan ne lokaci ya fi zurarewa. A idon iyali, wanda ke zaune riƙe da waya ba aiki yake yi ba, don haka shi ake aika, shi ke tarbar baƙo, kuma nauyin ya fi sauka a kan mace, wadda girki da raino ba sa jiran lacca. Ya wajaba ɗalibi ya sanar da iyaye ko miji sa'o'in karatunsa ƙarara, kuma haƙƙi ne a kansu su kare masa su kamar yadda za su yi da a aji yake.

A tsarin NOUN ayyukan gwaji da ake yi ta intanet cikin zango na ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshe kuma 70, saboda haka wanda ya bar su sai daren rufe shafin intanet na jami'ar, lokacin da dubban ɗalibai ke rububin shiga, yana iya rasa makin da tun a makonnin farko yake da damar samu.