Tafarnuwa, bagaruwa da makeron yara

Daga Cirozerin har Arlit, da wuya ka shiga makarantar allo ko ta boko ba ka ga yaro mai makero ba: gashi ya zube a zagaye, wurin ya yi fari yana ɓarɓashi. Abin da ke kawo shi wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna, wadda masana ke kira fangas.

Kowace ƙwayar fangas tana zaune ne cikin ganuwa da aka yi galibi da sinadarai biyu, kitin da gulukan. Akwai kuma wasu sinadarai magina, wato inzayim, da ke ta ɗora tubali muddin ƙwayar na girma. In aka tsayar da maginan sai ganuwar ta tsage, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan ganuwa, shi ya sa masu haɗa magani suka sa mata ido: ana iya kashe cutar ba a taɓa mai ita ba.

Maganin farko na wannan sahu, Caspofungin, an amince da shi a Amurka a 2001. Daga wani fangas ɗin aka samo shi, ta jijiya ake ba da shi, ga tsada. Sai aka waiwayi tsirrai, tunda su ma funfuna na addabar su tun fil'azal. A 2015 masu bincike a Wisconsin suka bayyana wani sinadari, poacic acid, da ake samu a jikin ciyayi, wanda ke hana ginin gulukan.

Namu na gida fa? Tafarnuwar da ake nomawa a garakun Abzin tana fitar da alisin, wanda Chester Cavallito ya gano a 1944, kuma sai an daka ta yake fitowa. Shi ba ya zaɓe, inzayim iri-iri yake afka wa. Bagaruwar da majema ke jima da ita tana da tanin, mai kama furotin ya ɗaure. Dukkansu an ga sun hana fangas yaɗuwa a ɗakin gwaji, don haka kakanninmu da suka yi magani da su ba shirme suka yi ba.

Amma fa ɗakin gwaji daban, kan yaro daban. Fangas ɗin makero yana shigewa cikin silin gashi har saiwa, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Ɗanyar tafarnuwa kuwa, in aka ɗaure ta a fata, ƙona ta take yi, a tashi da gyambo a kan cutar.

Makeron kai maganin sha yake so, irin su Griseofulvin, na makonni, bisa umarnin likita. Iyaye, ku kai yaro asibiti, ku raba masa hula da matajinsa, kuma ku tabbata mai aski ya tsabtace askarsa kafin ya taɓa kan wani.