Abin da Man Giya Yake Faɗa: Darasi Daga Tafkin Kainji

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin malamin nazarin halittu yana rubutu a kan giyabos. Dalili shi ne, duk wanda aikinsa binciken kifi ne, rabin rayuwarsa a cikin kwalekwale take, shi kuwa kwalekwale a babban ruwa ba ya da wani gata sai injin da aka rataya masa a baya. Na daɗe ina ɗaukar wannan inji tamkar jakin da ake hawa ba a tambayar lafiyarsa, sai da ya yashe mu a tsakiyar Tafkin Kainji sannan na koma ɗalibi.

Wata rana ce da la'asar, cikin hunturu, ni da ɗalibaina uku da matuƙinmu muna dawowa da kifin da muka kwana uku muna tarawa domin nazarin abin da yake ci. Tafkin nan, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, kuma idan iskar hunturu ta taso yakan yi igiyar ruwa mai ban tsoro. Injinmu tsoho ne mai ƙarfin doki 15. Da fari muka ji wani gurnani daga ƙarƙashin ruwa, can kuma sai wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Daga nan injin ya yi ta kuka, amma jirgi ko motsi. Da filafili muka kai gaci bayan dare ya raba. Ƙanƙarar da ke cikin akwatinmu ta narke, kifin ya lalace, aikin kwana uku ya bi ruwa.

Washegari muka kai injin wurin wani dattijon makaniki a bakin tasha. Bai taɓa kan injin ba. Sai ya kwance wani ɗan sukuru a can ƙasa kusa da farfela, ya tara gwangwani. Abin da ya zubo fari ne mai kauri. Ya dube ni ya ce, "Dakta, wannan ai ba mai ba ne, kunun gyaɗa ne." Sa'an nan ya cire farfela, ya sa tsinke ya zaƙulo wani dunƙulen zaren koma na roba da ya naɗe a jikin sandarta. Ya ce, "Ga ɓarawonku nan."

Yadda giyabos yake aiki

Irin wannan inji ya yaɗu a duniya ne tun daga 1909, lokacin da Ole Evinrude ya fara ƙera shi domin sayarwa a birnin Milwaukee na Amurka, kuma har yau tsarinsa bai sauya ƙwarai ba. Injin yana sama, a tsaye. Wata doguwar sandar ƙarfe tana ɗauko juyinsa ta gangaro da shi ƙasa cikin ruwa. To amma farfela a kwance take juyawa, saboda haka tilas a karkatar da juyin nan. Wannan shi ne aiki na farko na giyabos, watau ɗan akwatin nan mai siffar kifi da ke nutse a ruwa.

A ƙarshen doguwar sandar akwai ƙaramar giya, tana cizon manyan giyoyi biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta. Da yake suna fuskantar juna, sai ɗaya ta riƙa juyawa dama, ɗaya hagu. Muddin inji yana aiki dukansu biyu suna juyawa, amma ba wadda take riƙe da sandar farfela. A tsakaninsu akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora a fuska biyu, wanda za mu kira makulli. Idan matuƙi ya sa giyar gaba, makullin yakan zame ya sarƙe da giyar gaba. Idan ya sa ribas, ya sarƙe da ta baya. Idan kuwa yana tsakiya, farfela tana hutawa.

Aiki na biyu shi ne rage gudu. Ruwa ya fi iska nauyi kimanin sau 800, don haka farfela ta fi bukatar ƙarfin murɗawa a kan saurin juyi. Alal misali, idan ƙaramar giya tana da haƙora 13, babbar kuma 27, to inji mai juyi 5,000 a minti ɗaya zai juya farfela kimanin sau 2,400 ne kawai, amma ƙarfin murɗawar ya ninka har da ɗoriya. Malaman lissafi da na kimiyya suna iya bai wa ɗalibai wannan misali su auna da kansu.

Ta ina ruwa yake shiga?

Duk waɗannan ƙarafa a cikin man giya suke iyo. Aikin man daidai yake da na ruwan nan mai yauƙi da ke cikin gaɓar gwiwar ɗan Adam, wato ya hana fuska biyu masu tauri gogar juna kai tsaye. Abin da ya raba man da ruwan tafki kuwa ɗan zoben roba ne, wanda makanikai suke kira sil. A jikin sandar farfela galibi akan sa guda biyu baya da baya, ɗaya ya tsare mai kada ya fita, ɗaya ya tsare ruwa kada ya shiga.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Zaren koma ko na fatsa da aka yar a ruwa yakan naɗe a bayan farfela, juyi ya yi ta tura shi ciki har ya yanka leɓen sil. Daɗin daɗawa, giyabos yakan ɗauki zafi yana aiki, idan aka kashe inji kuma ya huce, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan kafa.

Mai da ruwa ba sa haɗuwa, amma idan giyoyi suka kaɗa su da ƙarfi, ruwan yakan farfashe ya zama ƙananan ɗigo masu yawo a cikin man. Ɗigon nan suna warwatsa haske, shi ya sa gaurayen yake yin fari. Dalilin farin madarar shanu ke nan ma, sai dai a madara kitse ne yake yawo a cikin ruwa. Irin wannan gauraye ba ya iya ɗaukar nauyin da ke tsakanin haƙoran giya. Boris yakan yi tsatsa, giyoyi su kauce daga mazauninsu, haƙora su fara gutsurewa. Haka ya faru da namu.

Karanta alamomi

Makaniki na ƙwarai kamar likita yake, ba ya fara fiɗa sai ya duba alamomi, kuma yakan fara da abu mai sauƙi. Kafin a taɓa farfela, a cire wayar fulogi domin kada inji ya tashi ya sare yatsu.

Idan inji yana kuka jirgi ba ya tafiya, kada a yi saurin zargin giyabos. Tsofaffin injuna da yawa suna da wata 'yar ƙusa mai taushi da ke riƙe farfela, wadda aka yi ta musamman don ta karye idan farfela ta daki dutse ko kututture. Sauya ta aikin minti kaɗan ne. Wanda ya musanya ta da ƙarfe mai tauri kuwa, ya ɗora wa giyoyi dukan da ƙusar ya kamata ta sha. A wasu injunan roba ce a cikin cibiyar farfela take wannan aiki, ita ma takan saki.

Idan giya tana fita da kanta, jirgi yana zabura kamar ya yi karo, to ko dai sandar sa giya ba ta kai makulli inda ya kamata, ko kuma haƙoran makullin sun side. A fara daidaita sandar tukuna. Abin da ya fi cinye makulli shi ne sa giya a hankali cikin tsoro, domin haƙoran sukan yi ta karo da juna kafin su shiga. A rage wuta sosai, sa'an nan a sa giya da sauri, sau ɗaya.

Daga nan sai a dubi mai. Fari ko ruwan toka mai kauri yana nufin ruwa ya shiga. Idan injin ya kwana biyu a ajiye, mai yiwuwa ruwa tsantsa ne zai fara zubowa, tun da ya fi mai nauyi. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin man ya tsufa ko ya yi kaɗan. Sukurun ƙasa a injuna da yawa yana da mayen ƙarfe a bakinsa. Idan ɗan gari mai laushi ne ya manne masa, ba komai, amma idan gutsattsarin ƙarfe ne da yatsa yake ji, to a buɗe giyabos.

Gyara

Domin gano inda yake yoyo, dattijon nan ya tsiyaye man, ya hura iska kaɗan da famfon keke ta ramin sukuru, ya tsoma giyabos a baho yana kallon kumfa, kamar yadda mai faci yake yi da tiyub. Iska mai yawa takan ture sil mai lafiya, saboda haka a yi hattara. Sau da yawa ma laifin na 'yar washar da ke ƙarƙashin sukuru ne, wadda ya kamata a sabunta duk sa'ad da aka kwance.

Idan ya zama dole a buɗe, a jera kowane ƙarfe bisa yadda ya fito, musamman siraran washoshin da ke bayan giyoyi, domin su ne suke daidaita zurfin cizon haƙora. Wajen zuba sabon mai kuwa, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta ramin sama, don ya koro iska. Sai a fara rufe na sama, sa'an nan na ƙasa. Yawancin injuna man giya mai lamba 90 suke sha, amma wasu tsofaffi, irin su British Seagull na Ingila, mai kauri lamba 140 suke bukata. A bi abin da littafin injin ya faɗa.

Kammalawa

An daina ƙera British Seagull a 1996, Evinrude kuma a 2020, kayan gyaran tsofaffin injuna kuwa kullum ƙara wuya suke yi. Mu ma sai da muka yi mako biyar kafin a samo mana giya daga jikin wani mataccen inji, alhali sil ɗin da ya jawo ɓarnar bai kai kuɗin man tafiya ɗaya ba. Masu ƙera injuna suna ba da shawarar sauya man giya bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara. Wanda yake aiki inda ake zuba koma, ya riƙa cire farfela yana duba bayanta a kai a kai.

Akwai kuma abin da ya shafe ni a matsayin mai nazarin halittu. Kafar da ruwa ya bi ya shiga, ta nan mai yake fita zuwa cikin tafkin da karfasa da giwan ruwa suke hayayyafa. Zaren da ya yanka sil ɗinmu kuwa roba ce da ba ta ruɓewa da wuri, tana nan tana kama kifin da ba mai ci. Tun daga ranar nan, ba ɗalibin da yake shiga jirgina sai ya iya kwance sukurun ƙasa ya faɗa mini launin man, kuma duk guntun koma da muka tsinta a ruwa, da shi muke komawa tudu.