Wa Ke Auna Ma'auni? Daidaita Kayan Awo Wajen Gwajin Man Dizal na Tsirrai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san cewa mudun wani gari ba lallai ya zo daidai da na wani ba, kuma sau da yawa gardamar mai saye da mai sayarwa a kan mudun take, ba a kan hatsin ba. Irin wannan matsala ce masana kimiyya suka daɗe suna fama da ita a ɗakunan gwaje-gwaje. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda ake tabbatar da gaskiyar ma'auni, tare da kafa misali da gwajin man dizal na tsirrai, wanda ake kira bayodizal.

Asalin Ma'auni

A shekarar 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Faris a kan yarjejeniyar mita, don duniya ta sami tushen awo guda. A 1889 aka amince da wani curin ƙarfe na filatinam da iridiyam a matsayin kilogiram na asali, aka ajiye shi kusa da Faris, aka kuma rarraba wa ƙasashe kwatankwacinsa. Da aka yi kimanin shekara 100 ana gwada su da juna, sai aka ga nauyinsu ya ɗan saɓa. Saboda haka daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka daina dogara da curin, aka ɗora ma'anar kilogiram a kan wani adadi na kimiyyar fiziks wanda ba ya canzawa.

Daidaita ma'auni kuwa shi ne a gwada shi da wani wanda ya fi shi inganci, a rubuta bambancin da aka gani. Sikelin ɗakin gwaji ana gwada shi da duwatsun awo, su kuma ana gwada su da na hukumar awo ta ƙasa, ita kuma tana gwada nata da na sauran ƙasashe. Idan wannan sarƙa ta tsinke a wuri guda, to, lambar da sikelin ya nuna ba ta da madogara.

Man Dizal na Tsirrai

A bajekolin duniya na Faris a 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. Sai dai ɗanyen man tsirrai ya fi dizal kauri kusan ninki goma, don haka ba ya fesuwa sosai a cikin inji, kuma yakan toshe injekta. Maganin wannan shi ne a haɗa man da sinadarin metanol da ɗan sodar sabulu. Giliserin sai ya kwanta a ƙasa, mai marar kauri ya taso sama. Ana yin sa da man waken soya, da manja, da man binidazugu, har ma da man da aka riga aka yi suya da shi.

Sharuɗɗan Gwaji

Manyan ƙa'idoji biyu ne aka fi bi, watau ASTM D6751 ta Amurka da EN 14214 ta Turai. Ƙa'idar Turai ta ce kada tsantsar man ta gaza kashi 96.5 cikin 100, kada ruwa ya wuce miligiram 500 a kilo ɗaya, kada kuma ragowar metanol ta wuce kashi 0.2 cikin 100. Kowane sharaɗi da dalilinsa: ruwa na kawo tsatsa, metanol kuwa na sa mai saurin kama wuta a wurin ajiya.

Gwajin kauri ya fi fito da batun fili. Ana zuba man a siririn bututun gilas, a tsoma bututun cikin ruwa mai zafin digiri 40, sa'an nan a ƙirga daƙiƙoƙin da man zai ɗauka yana gangarowa tsakanin alamu biyu. Turai ta yarda da kauri daga 3.5 zuwa 5.0, Amurka kuwa daga 1.9 zuwa 6.0. A nan abubuwa uku ke bukatar daidaitawa: agogo, da ma'aunin zafi, da bututun kansa. Bututun ana gwada shi da wani mai na musamman wanda aka san kaurinsa, shi kuma asalin awonsa na komawa ga tsabtataccen ruwa mai zafin digiri 20. A ƙaddara ma'aunin zafi ya yi kuskure, ruwan ya fi digiri 40 zafi. Man zai tsinke, ya gangaro da sauri, a ba shi shaidar cin gwaji alhali bai cancanta ba. Manomin da ya zuba shi a tarakta shi zai biya kuɗin gyara.

Domin toshe wannan kafa, hukumar awo ta Amurka, NIST, da takwararta ta Barazil, INMETRO, sun haɗa kai sun samar da man gwaji mai takardar shaida, ɗaya na waken soya, ɗaya na kitsen dabba. Ɗakin gwajin da ya auna wannan mai ya sami lambar da ta saɓa wa takardar, ya san laifin na kayan aikinsa ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kafa ƙa'ida kaɗai ba ta isa ba, sai an tabbatar da kayan da za a auna ta da su. Duk ƙasar da ke son sarrafa man tsirranta ta sayar a kasuwar duniya, wajibi ne ta fara da gyara ma'auninta, domin mai saye ba zai karɓi lambar da ba a san tushenta ba.