Daga Ɗakin 'Yartsana zuwa Allon Kwamfuta: Matsalar Noƙewa Wajen Gini da Ado a Wasannin Kwatanta Rayuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu wasannin kwamfuta na kwatanta rayuwa, wato ƙyuyar gina gida da ƙawata shi. An ɗora bayanin a kan wasannin yara da al'adun gini da na jere irin waɗanda aka sani a ƙasar Gaya da Ajingi, domin fito da musabbaban noƙewar da kuma hanyoyin magance ta.

1.0 Gabatarwa

Wasan kwatanta rayuwa shi ne wanda mai wasa yake tafiyar da zaman yau da kullum na wasu mutanen ƙirƙira: ya sama musu muhalli, ya ciyar da su, ya aurar da su. An zaɓi wannan suna ne domin kauce wa cakuɗa shi da wasan kwaikwayo, wanda ya riga ya zama sunan wani reshe na adabi. Fitattu daga cikin irin waɗannan wasanni su ne The Sims, wanda ya fito a shekarar 2000, da Animal Crossing na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 2001. Wayar hannu kuma ta kusanto da ire-irensu ga matasan birni da na karkara.

Kowane daga cikinsu yana da ɓangare biyu: na tafiyar da rayuwa da na gini. Da yawan masu wasa sukan tsaya a na farko, su ɗauki gidan da aka riga aka gina su shiga. Abin tambaya shi ne, me zai sa yaron da ya tashi yana gina ɗaki da danshin ƙasa ba tare da shakka ba ya noƙe idan an ba shi fili a allo?

2.0 Gaya da Ajingi a Matsayin Madubi

Gaya tsohon gari ne a gabashin Kano. Tarihin baka ya nuna cewa daga nan ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka taso zuwa Dutsen Dala neman tama. An ba ta matsayin masarauta a 2019, sannan a tsarin 2024 aka mayar da ita mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Yanki ne na manoma, inda ginin ƙasa da rumbu da dangar kara suke zaune kafaɗa da kafaɗa da bulo da kwano. Saboda haka yaron wannan yanki yana ganin gini da idonsa tun daga kwaɓa ƙasa har zuwa rufi.

A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, kwatanta rayuwa daɗaɗɗen wasa ne. Bayan an ɗauke ruwan sama yara sukan tura ƙafa cikin rairayi mai danshi, su daddaɓa shi a kanta, su zare a hankali, sai ga ɗaki da ƙofarsa. 'Yan mata suna tuwon ƙasa a gwangwani, suna yi wa 'yartsana aure, su jera mata murafan kwalba da fasassun tangaran a matsayin kayan ɗaki. Maza kuwa sukan fafe kara su ƙera mota, ko su gina shanu da yumɓu. Masanin nan na Faransa, Roger Caillois, a littafinsa na 1958 ya kasa wasa gida huɗu: gasa, da sa'a, da kwaikwayo, da juwa. Waɗannan wasanni duk suna cikin kaso na uku, tare da The Sims. Hasali ma, Will Wright, wanda ya ƙirƙiro shi, ya faro shi ne a matsayin wasan tsara gini bayan gobarar Okland ta 1991 ta cinye gidansa, kuma sunan da aka fara laƙaba wa aikin yana nufin ɗakin 'yartsana.

3.0 Musabbaban Noƙewa

Na farko shi ne yawan zaɓi. Yaron da ke wasan ƙasa kayansa ƙididdigaggu ne: ƙasa, ruwa, kara, tsinke. Ƙarancin kayan shi yake nuna masa abin da zai yi. A allo kuwa ana ba mai wasa fili fetal da ɗaruruwan kujeru da tagogi da launuka, sai ya rasa ta inda zai kama.

Na biyu shi ne baƙuntar fasali. Gidan da waɗannan wasanni suka ɗauka a matsayin ma'auni shi ne na unguwannin bayan gari a Amurka: gini ɗaya dunƙulalle, mai fuskantar titi, fili yana kewaye da shi. Gidan Bahaushe akasin haka ne. Katanga ce take kewaye da fili, zaure yana tare baƙo, shigifa tana raba waje da ciki, ɗakuna kuma suna kallon tsakar gida. Ban da haka, The Sims ya ƙayyade iyali ga mutum takwas, alhali gidan gandu yana iya ninka hakan. Mai wasa Bahaushe yana tsakanin gidan da ya sani amma babu samfurinsa, da gidan da aka ba shi amma bai taɓa zama a cikinsa ba.

Na uku shi ne kunyar gwani. A al'adar Hausawa gini sana'ar gado ce mai shugabanci, har da sarautar Sarkin Magina, kuma sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya zama ma'aunin ƙwarewa. Wanda bai gada ba yakan ji nauyin sa hannu. Intanet ta ƙara wa wannan nauyi, domin mai koyo yana ganin ƙasaitattun gidajen ƙwararru a YouTube tun kafin ya aza tubalin farko. Animal Crossing ma har maki yake bai wa adon ɗaki. Ɗakin rairayi ba shi da alƙali, kuma kafin magariba ya rushe. Na allo kuwa yana nan ana kallonsa.

Na huɗu shi ne rabon aiki tsakanin jinsi. Maza ke gini da zanen bango; mata ke daɓe da jere. Wasan kwamfuta ya haɗa ayyukan biyu a hannun mutum ɗaya, sai saurayi ya ga zaɓen labule ba nasa ba ne, budurwa ta ga aza harsashi ba nata ba ne.

4.0 Hanyoyin Magancewa

Maganin kowane musabbabi yana cikin al'adar da mai wasa ya taso a ciki.

Da fari, a fara da ɗaki ɗaya. Gidan Bahaushe ba a gama shi rana guda. Ana kewaye fili, a gina ɗaki, idan ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. Mai wasa ya bar buƙatar mutanensa ta ja ginin: wurin kwana tukuna, sai madafa, sai makewayi, ado daga baya. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Christopher Alexander da abokan aikinsa, waɗanda littafinsu na 1977 ya tattara tsare-tsaren gini 253 da suka samo asali daga yadda mutane suke zama, kuma ya yi tasiri a kan Wright.

Sannan a taƙaita kaya da gangan. Maginin gargajiya da tubali da azara da makuba yake fitar da soro mai bakan gizo da zankwaye. Mai wasa ya zaɓi launi biyu ko uku, ya ƙayyade wa kansa kuɗi, sai ruɗanin zaɓi ya ragu.

Haka kuma a ɗauki kwaikwayo a matsayin karatu. Yaron magini yana fara wa ne da miƙa tubali da kallon hannun ubangidansa. Jere ma haka ne: gwaggwanni da yayye ke shirya ɗakin amarya, ƙanana suna kallo. The Sims 4, wanda ya fito a 2014 aka kuma mayar da tushensa kyauta a 2022, yana da taskar da masu wasa ke musayar gidaje. Ɗaukar gidan wani a sauya masa ɗaki ɗaya koyo ne. Mafi alheri ma shi ne mutum ya kwaikwayi gidan da ya tashi a ciki, domin ya san inda randa take da inda turke yake.

A kuma tuna cewa gyara ɓangare ne na gini. Kowace shekara kafin damina ana yaɓe katanga, a gyara indararo. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin gazawar magini. A allo rushewa da sākewa sun fi haka sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe a yi gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan wa da ƙanwa suka zauna kan gida ɗaya, shi ya koyi jere, ita ta koyi fasali, shingen jinsi ya sassauta.

5.0 Abin da Ya Shafi Manazarta Hausa

Batun ya wuce nishaɗi. Ayyukan Kirk-Greene a kan gidajen Zariya masu zane a 1963, da na Hamman Tukur Sa'ad a 1981, da na Moughtin a 1985, sun adana fasahar ginin Hausa a takarda. Amma kalmomi irin su daurin guga da laso da katsi da dagi suna rayuwa ne a bakin mai amfani da su, kuma suna ja da baya gwargwadon yadda siminti yake ci gaba. Matashin da ya noƙe ya karɓi gidan da aka gina masa ya karɓi tsarin zaman da ke cikinsa. Wanda kuwa ya yunƙura ya gina zaure a allo dole ya tambayi dalilin da ya sa ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna, daga nan sai ya isa ga batun sutura da kunya da martabar iyali.

6.0 Kammalawa

An ga cewa noƙewa wajen gini da ado ba daga rashin basira take tasowa ba. Tushenta shi ne yawan zaɓi, da baƙon fasali, da kunyar gwani, da rabon aiki. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'inmu iri biyu ne: tattara wasannin gini na yara a yankuna irin su Gaya da Ajingi tare da kalmominsu tun masu saninsu suna raye, da haɗa kai da sassan kwamfuta da na tsara gine-gine, irin na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, domin samar da wasan da tsakar gida za ta zama ma'auninsa.