Dokokin asibiti lokacin kwalara

Kwalara cuta ce ta zawo da amai. Wata ƙwaya ce ke kawo ta, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganin ta. Tana fita cikin kashin maras lafiya da amansa. Daga nan ta shiga ruwa, ko abinci, ko ta manne a hannu. Wanda ya haɗiye ta yana iya kamuwa. Ruwan jikinsa ya zube, in ba a taimake shi ba ya mutu cikin yini guda.

Cikin watan Yuli na shekarar 2018, kwalara ta ɓulla a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi. Kafin shekara ta ƙare, ta kama mutum fiye da dubu 3 a Nijar.

Idan masu kwalara suka taru a asibiti, ƙwayar cutar ma ta taru. Wanda ya zo dubiya lafiya lau yana iya komawa gida da ita. Don haka akwai dokoki.

Ana ware masu kwalara wuri guda, nesa da sauran marasa lafiya. Kowane maras lafiya, mutum ɗaya ne kawai zai yi jinyarsa. Gadonsa yana da rami a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashi. Ga wani bokiti a gefe don amai. A bakin ƙofa, mai shiga da mai fita sai sun wanke hannu.

Babban makamin ma'aikatan lafiya shi ne ruwan jabel. Ana dama shi iri uku. Mai sauƙi na wanke hannu ne. Matsakaici na wanke daɓe da gado da tufafi ne. Mai ƙarfi kuwa, shi ake zubawa cikin bokitin zawo da na amai kafin a zubar. Da shi kuma ake tsabtace gawa.

Gwamnati ma da nata aiki. Likitan da ya ga alamun kwalara, tilas ya sanar da shugabanninsa nan da nan. Ana aika kashin maras lafiya wurin bincike, kamar CERMES da ke Yamai, don a tabbatar. Ma'aikatar lafiya ta yi shela a rediyo, ta kuma gaya wa hukumar lafiya ta duniya, wato OMS. Ana sa magani cikin ruwan sha. Wanda kwalara ta kashe, ma'aikata ne ke shirya gawarsa, a rufe shi da sauri.

Waɗannan dokoki suna da ɗaci. Mu mun saba da dubiya, mun saba da yi wa mamacinmu wanka da hannunmu. Amma ba ƙin zumunci ba ne. Tsare rayukan sauran dangi ne.

Kada tsoron doka ya sa a ɓoye maras lafiya a ɗaki. A dama ƙunshin gishirin zawo cikin ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi, a kai shi asibiti maza-maza. In an yi magani da wuri, cikin mutum 100 da wuya a rasa ko ɗaya.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya kwalara ke shiga jikin mutum?
2. Don me ake hana taron dubiya?
3. Me za ka yi in ƙanenka ya soma zawo da amai?